Fuskar Inna Mero

Omdurman, Yuli 1993

Zuwa ga taubashiyata Hadizatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da ban taɓa gani ba, da yaran da aka ce kin haifa. Mu nan da sauƙi. Hajja mahaifiyata tana gida a unguwar Kalakla, ƙafa ce kawai ke damunta, kuma har yau takan tambayi 'yar Kanon nan da ta zo karatu ta cinye mata kisra, gurasar nan tamu ta dawa. Ki yi haƙuri da ajamina, kin san Hausarmu ta nan a baki take, hannuna da Larabci ya saba.

Na san kin yi fushi da shiruna. Ba raini ba ne. Bayan tafiyarki da 'yan watanni aka zo aka ɗauke ni da rana tsaka a gaban mai shayi, aka kai ni wani gida da ba shi da suna. Ba zan rubuta abin da aka yi a ciki ba. Na dai fito da idon hagu wanda ba ya ganin komai sai hazo. Idon da nake leƙa kyamara da shi ke nan, Hadizatu. Ba dace suka yi ba, gaya musu aka yi.

Kin tuna fim ɗina na masu jan bulo a Aljirif, mutanenmu, wanda na kashe ƙuruciyata a kansa? Da sojoji suka hau na ji a jikina ba lafiya, sai na raba gwangwanayen da zaren fim ɗin ke ciki. Ke na ba ki guda ɗaya ki tafi da shi, na ragowar da ban yi niyyar sawa a fim ɗin ba. Sauran duka, ainihin aikin, na damƙa su ga wanda na fi yarda da shi a duniya, Suhaib. Shi dai Suhaib ɗin da duk Aljirif ta sani da Ɗanjuma ɗan Inna Mero mai abinci. Ni na ɗauko shi daga cikin taɓo, na koya masa riƙe kyamara, na raba kwanona da shi. Shi ya kai wa jami'an tsaro gwangwanayen da hannunsa, ya haɗa da bayani wai na tona wa ƙasa asiri, na nuna baƙi a matsayin 'yan gida. Baƙi! Kamar ba kakansa da nawa ne suka noma audugar Jazira ba. An ƙone su a tsakar gidan ofishinsu, masinjan wurin ya ce Suhaib ɗin ne ya zuba kananzir.

Yanzu ya tara gemu, yana cikin masu tace fina-finai, yana da mota da direba. Me ma ya rage da za a tace? Silimun da muke zuwa duk an garƙame, ɗaya tantabaru ne ke kwana a ciki. Ni kuwa, babban darakta, bidiyon biki nake ɗauka a shagon Ishaku a kasuwar Omdurman. Ina bin amare da fitila, mata suna ce mini ya zol, wato kai malam, matsa ka tare mana iska.

To ga abin da ya sa na rubuto. Gwangwanin nan yana nan? In yana nan, don Allah don Annabi ki aiko mini da shi ta hannun wanda kika yarda da shi. Ina so in nuna shi, lokacinsa ya yi. Ba zan faɗi fiye da haka ba, takarda tana bin hannuwa da yawa kafin ta iso.

Naki,
Hamid

Kano, Satumba 1993

Yaya Hamid,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, yara suna ta ɓarna, maigidan yana gaishe ka. Ka duba mini ƙafar Hajja, ka ce mata 'yar Kano ta gwada kisra a nan ta ƙone, ba wanda ya ci sai kaji.

Wallahi da aka miƙo mini takardarka a makaranta sai da na zauna a ƙasa. Ɗalibaina suka zaci mutuwa aka yi mini. Ai mutuwar ce ta dawo da rai, don wani da ya zo hutu ya taɓa ce mana an ɗauke ka ba a sake jin ɗuriyarka ba, har sadaka na yi maka. Mugu kawai, ka ci sadakata kana raye! Amma maganar idonka ta hana ni cin abinci. Shi kuwa Ɗanjuma, ba zan kira shi da wani suna ba, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Ka bar shi da Allah, Yaya, kada ka ɓata sauran idonka wajen kallonsa.

Gwangwani yana nan daram. Na naɗe shi a tsohon zane na ajiye a bayan randa don sanyi, kamar yadda ka ce zafi na cinye zaren fim. Maigidan ya daɗe yana zaton alewa nake ɓoyewa.

Ka manta ni na riƙe makirufo ranar da aka ɗauki abin da ke ciki? Ban manta da komai ba. Ga kamina tana hayaƙi, wato tulin bulon nan da ake cinna wa wuta, ga Inna Mero a gindin bishiya tana zuba wa ma'aikata abinci. Ɗanjuma ya ajiye ƙafar kyamara ya tsugunna a gabanta, ta gutsuro loma ta sa masa a baki kamar yaron goye, tana cewa, "Ci ka ƙoshi, Ɗanjumana, aikin Hamid ba ya sa tsoka." Shi kuma baki cike ya ce, "Inna, ƙaro miya." Kai ka ƙi kashe kyamara, muka yi ta dariya har makirufon ya kusa faɗa mini a tukunya.

Da na karanta ka ce za ka nuna shi, lokacinsa ya yi, sai da na yi guɗa ni kaɗai. Na ce Alhamdulillahi, ba su karya shi ba, zai sake gina fim ɗinsa daga wannan 'yar ragowar. Ka yi, Yaya. Ko gajere ne ka haɗa, mu san yadda za a fitar da shi waje, mutane su ga akwai Hausawa a bakin Nilu masu toya bulon da aka gina Khartoum da shi. Roƙona ɗaya, ka fara nuna wa Inna Mero. Baiwar Allah ba ta taɓa ganin kanta a majigi ba, kullum cewa take yaushe za a nuna mata.

Na ba Labaran ƙanin maigidana, zai koma jami'a a Khartoum ƙarshen wata. Na sa shi a tsakiyar buhun kuka da daddawa, ba mai son tona wannan. Kukar ta Hajja ce, kada ka taɓa.

Ƙanwarka,
Hadizatu

Omdurman, Oktoba 1993

Hadizatu,

Gaisuwa mai yawa. Hajja ta ga kuka ta yi ta sa miki albarka, ƙafar ma ta ce ta yi sauƙi. Labaran ya iso lafiya, kuma shi zai ba wani amintacce wannan takarda, saboda haka yau zan buɗe miki ciki.

Zaren ya fara ɗan warin tsami amma hoton garau yake. Na aro tsohon majigi na haska shi a bangon shago, na ɗauke shi da kyamarar bidiyo. Ke dai kina da kyakkyawar zuciya, shi ya sa kika karanta abin da ban rubuta ba. Wane fim zan sake ginawa, da wane ido? Fim ɗina ya zama toka. Wannan ragowar aiki ɗaya ya rage mata, kuma za ta yi shi.

Suhaib zai yi aure a Disamba. 'Yar wani babban attajiri ce a Khartoum, irin gidajen da ke ƙirga kakanni kafin su ba ka ruwa. Ya ce musu shi Balarabe ne ɗan arewacin Sudan daga bakin kogi, maraya, uwa da uba duk sun rasu. Kin ji? Sun rasu! Inna Mero kuwa tana Jabal Awliya, tun da ya hana ta zama a Aljirif, tana soya kifi a bakin madatsar ruwa. Bara ta je ofishinsa da ƙunshin kifi, ya leƙo ta taga ya ce wa mai gadi wata Bafallatiya ce, sunan rainin da suke kiran mutanenmu da shi, da ta taɓa yi musu wanki. Ta juya ta hau mota ta koma, ba ta gaya wa kowa ba, mai gadin ne ya ba da labari.

Kin san yadda muke haɗa kaset ɗin biki a nan. Kafin a nuna daren lalle da ɗaurin aure, sai an buɗe da hotunan yarintar amarya da na ango, da na iyayensu, ana kiɗa a ƙasa. Ango ne ke zaɓo nasa ya kawo. Bayan biki dangin amarya sukan taru, maza da mata, a kunna a kalla tare, sannan a kwafa a aika wa 'yan uwa har Jidda. To Ishaku aka ba aikin bikin nan, ni kuma nake haɗa wa Ishaku kaset. Suhaib bai sani ba, shi yanzu ba ya sanin ƙananan mutane. Ya aiko da hotonsa ɗaya tal, yana sanye da kwat.

Daga hoton amarya tana rarrafe, sai Inna Mero da lomarta. Ba kiɗa, muryarsu kawai. "Inna, ƙaro miya." Zan bar shi ya yi tsawonsa, ba zan yanke ko ƙiftawar ido ba. Ina so surukinsa ya ji Hausa tana fita daga bakin marayan arewa. Ina so a kwance masa rawani a gaban matan da yake yi wa taƙama, a kore shi kamar kare, waɗanda suka ɗaga shi su ce ashe maƙaryaci muka ajiye. Ya ce fim ɗina tonon asiri ne, to zai ga tonon asiri.

Kin ce in bar shi da Allah. Na bar shi da Allah duk tsawon zamana a gidan can, ina jin muryar masu dukana suna faɗar maganganun da shi kaɗai na taɓa gaya wa. Yanzu Allah ya kawo shi teburina, da almakashi a hannuna. Kada ki ce mini komai.

Hamid

Kano, Disamba 1993

Yaya Hamid,

Ina fata kana lafiya, da Hajja. Mu ƙalau. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Takardarka ta yi wata da watanni a jakar wani da ya tsaya Maiduguri wajen 'yan uwansa, sai jiya ta iso. Ban sani ba ko wannan za ta riske ka kafin ka aikata. In ta riske ka, na haɗa ka da girman Allah ka tsaya.

Ka yaudare ni. Ka san da ka faɗi gaskiya da ban aiko ba, shi ya sa ka ɓoye a bayan wai takarda na bin hannuwa. Na yi ta guɗa kamar wawiya ina naɗe maka wuƙa a cikin kuka.

Ba Ɗanjuma nake tausayi ba, ya mutu ma ban da asara. Amma tsaya ka gaya mini, me kake so mutanen gidan nan su gani su tofar da yawu? Tsohuwa mai zane tana yi wa ɗanta Hausa. Shi ke nan abin kunyar da ka samo. Ai Hausar da ke bakinta ita ce a bakin Hajja, Yaya! Shi ya ce uwarsa abin ɓoyewa ce, kai kuma za ka ɗauke ta ka jefe shi da ita kamar kashin shanu. To ina bambancinku? Kai da ka ce mini ka ɗauki fim ɗin nan ne don a daina kallon mutanenmu a wulaƙance.

Kuma ka tambaye ta? Ka je Jabal Awliya ka ce, Inna, zan sa fuskarki a kashe wa ɗanki aure? Ba ka je ba, na san ka. Matar da aka kira mai wanki ta haɗiye ba ta gaya wa kowa ba, kana ganin me za ta yi in ta ga ana jan ɗanta a ƙasa? Kai darakta ne, ka saba ka ce wa mutane tsaya nan, kalli can. Ita ba ka isa ka tsara mata ba.

Ka mayar wa Labaran gwangwanina. Nawa ne, ni na yi renonsa a bayan randa.

Hadizatu

Omdurman, Janairu 1994

Hadizatu,

Salamu alaikum. Hajja lafiya, tana gaishe ki. Ni ma ga ni dai. Takardarki ta iso bayan an gama komai, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ko da ta zo da wuri ba zan fasa ba.

An kalli kaset ɗin ranar Juma'a bayan la'asar, falo cike. Awadiyya mai lalle, 'yar unguwarmu ce, tana wurin. Ta ce da muryar Inna Mero ta fito sai wata gwaggon amarya ta ce, "Wannan ba angon ba ne? Wane yare yake yi?" Suhaib ya tashi zai kashe, surukin ya ce a bari. Sai da suka kalla har ƙarshe. Da na ji haka, Hadizatu, na ci abinci na ƙoshi, rabona da jin daɗin abinci tun kafin a kama ni.

Washegari surukin ya aiko a kira mai bidiyo. Na ce wa Ishaku ya zauna, ni na haɗa, ni zan je. Na sa jallabiyata mai kyau. Na tarar da maza a zaune a farfajiya, Suhaib a tsakiya ya yi tsamo-tsamo, yana rantsuwa wai sharrin maƙiyi ne. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. Na kalle shi da idon da ya bar mini, na ce wa surukin da Larabci, "Sunansa Ɗanjuma. Uwarsa tana da rai, tana Jabal Awliya. Ku aika a ɗauko ta."

Ashe ba sai an aika ba. Awadiyya, da ba ta san ƙaryar da ya yi musu ba, ta ɗauka kunyar ango ce ta sa ya tashi kashewa, tun da safe ta hau mota ta kai wa Inna Mero albishir: ɗanki ya sa ki a farkon kaset ɗin aurensa, a wurin iyaye! Kowa ya san ango ne ke zaɓar hotunan nan, to me za ta ɗauka? Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ina rufe baki sai ga ta a ƙofa. Ta sa sabon tobi, lafayar matan nan, ta yi lalle, ga kwando a ka, kifi a ƙasa, kwalbar humra ta amarya a sama. Fuskar nan tana ta washewa. Ni kuwa na ce a raina, Allah ya kawo shaida da ƙafarta.

Surukin ya nuna Suhaib ya ce wa Inna Mero, "Hajja, wannan ɗanki ne?"

Ta dube shi. Bai ɗago ba, gumi kawai ke ɗiga daga gemunsa. Ta dubi mazan nan ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni. Na ga lokacin da ta gane, murmushin ya sauka a hankali. Ta sauke kwandon, ta ja mayafi ta rufe kwalbar humra. Sannan ta ce, da Larabcinta na kasuwa, "A'a, ya sidi. Wasa ne. Wancan mai ido ɗayan ne ya ɗauke mu aikin silima, ya ce in yi kamar uwa, shi ya yi kamar ɗa, ya koya masa abin da zai faɗa. Ni ban taɓa haihuwa ba. Kifi na kawo, an ce ana biki."

Na yi ihu na ce, "Inna, ki ji tsoron Allah!" Ko kallona ba ta yi ba. Suhaib ya sauke numfashi, ya gyara zama, ya ce, "Kun ji ko?" Sannan ya ce wa yaron gida a karɓi kifin a ba ta na mota. A ba ta na mota, Hadizatu! Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya. Ni aka fitar da ni da mari.

Auren yana nan. An rufe shagon Ishaku an kwashe kyamarori, ni kuma kullum ina jiran a zo. Kada ki ɗauka na yi laushi. Ban yafe wa Suhaib ba, ba zan yafe ba har a tashi alƙiyama, kuma in na sake samun hanya zan bi.

Gwangwaninki ba zai dawo ba. Shekaranjiya da hantsi Inna Mero ta zo Kalakla ta same ni a tsakar gida. Ba ta zauna ba, ta ƙi shan ruwa. Ta ce in ba ta abin da fuskarta ke ciki. Na ce ta bari in haska mata ko sau ɗaya, tunda ba ta taɓa gani ba, kuma ke ma kin roƙa. Ta ce ba ta so. Na ɗauko na ba ta, ta sa a kwandon kifi. Ban tambaye ta me za ta yi da shi ba, kin dai san Jabal Awliya bakin ruwa ne. Shi ke nan abin da ya rage na aikina a duniya.

Ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Hamid, yaron nan ya ce na mutu, ya ce ni mai wanki ce, duk na ɗauka, don bakinsa ne ba nawa ba. Bai taɓa iya sa ni in ce ban haife shi ba. Kai ka sa ni."

Ki gaida yara.

Hamid